Kafin Mu Kwaso Takardar Ingila, Mu Duba Kwanan Watanta

Ranar Talatar nan, a wajen wani taro kan kiwon lafiya, wani bawan Allah da ya yi 'yan makonni a Ingila ya miƙe ya shaida mana cewa a can an gama da matsalar likitan banza. Wai ko ɗan ƙaramin asibitin unguwa ka je, za ka tarar da takarda a bango, hukuma ta auna shi ta ba shi matsayi, kai dai ka karanta ka shiga da ido rufe. Ya ce mu ma abin da ya rage mana ke nan, mu kwaso tsarin yadda yake. Aka yi ta tafi. Ni kuwa tun ranar abin ke cina, domin masu bin wannan shafi sun san ba abin da ke ɓata mini rai irin kwaso kayan wasu ba tare da an tambayi masu kayan yadda suka ji da shi ba.

Takardar dai akwai ta. Hukumar CQC, wadda aka kafa a 2009, ita ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a Ingila. A watan Afrilun 2013 likitocin iyali suka shiga ƙarƙashinta, wato likitocin unguwa da mara lafiya ke fara zuwa wajensu kafin a tura shi babban asibiti, kuma a Oktoban 2014 aka fara ba su matsayi. Matsayin huɗu ne: wanda ya yi zarra, mai kyau, mai buƙatar gyara, sai wanda bai kai ba. Doka ta tilasta a manna sakamakon inda kowa zai gani. Masu duban hukumar idan sun zo ba gaisuwa ke kawo su ba. Za su buɗe firjin alluran rigakafi, su ɗauko littafin da ake rubuta sanyinsa kullum, su bi layi-layi su ga ko ya taɓa fita daga tsakanin digiri 2 zuwa 8. Za su zazzage jakar magungunan gaggawa su karanta ranar lalacewar kowace kwalba. Za su tambaya, sakamakon gwajin jinin da ya dawo daga ɗakin gwaji, wa ya karanta shi, wa ya kira mai shi. Wannan aiki ne na ceton rai, ba ni da ja a kansa.

To amma da aka kammala zagayen farko a 2017, kashi 86 cikin ɗari na waɗannan asibitoci sun sami "mai kyau", kashi 4 suka yi zarra, kashi 8 aka ce su gyara, kashi 2 suka faɗi. Idan kusan tara cikin goma kalma ɗaya ce a bangonsu, me tsohuwar da ke neman likitan da zai saurare ta ta ƙaru da shi?

Wannan ma mai sauƙi ne. A 2024 gwamnatin Birtaniya ta sa Dakta Penny Dash ta binciki ita kanta hukumar, kuma abin da ta tono ya isa ya sanyaya wa mai tafi hannu. Duba da tantancewar da aka yi a 2023 zuwa 2024 kusan dubu bakwai ne kacal, alhali a 2019 zuwa 2020 sun haura dubu goma sha shida. Kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su matsayi ba. Waɗanda aka ba kuwa, idan aka yi ƙiyasi, takardunsu sun kusa shekara huɗu da rubutawa, wasu sun doshi goma. Ta ji labarin jami'in da aka tura duba gidan tsofaffi bai taɓa haɗuwa da mai ciwon mantuwa ba. Ministan lafiyar da ya karɓi rahoton, Wes Streeting, ya fito fili ya ce hukumar ba ta cika aikin da aka kafa ta dominsa. Takarda tana nan a bango, likitan da aka auna ya yi ritaya, ma'aikata sun sauya, mara lafiya kuma yana shiga da amana. Mudu ne ya lotse, ake ta awo da shi ana rantsuwa cewa ya cika.

Ni abin da ke dawo mini a rai duk lokacin da aka yi wannan magana shi ne Harold Shipman. Likitan iyali ne a garin Hyde, kusa da Manchesta, shi kaɗai ke riƙe da asibitinsa. Mutanen garin suna sonsa matuƙa, domin yana bin tsofaffi har gida, yana zama yana sauraren kokensu. A cikin waɗannan ziyarori ne yake yi musu allurar diyamofin mai yawa, su mutu a kan kujerar falonsu, shi kuma ya rubuta takardar mutuwa da hannunsa. Tun a 1976 kotu ta taɓa cin tararsa saboda ƙirƙirar takardun magani don amfanin kansa, amma aka bar shi ya ci gaba da aiki. Wadda ta fara ɗaga murya a hukumance wata likita ce maƙwabciyarsa, Dakta Linda Reynolds, a Maris 1998. Ta lura takardun ƙona gawa da ake kawo musu su sa hannu daga wajensa sun yi yawa, kuma galibi na tsofaffin mata ne da suka mutu a gida. 'Yan sanda suka duba sama-sama suka rufe maganar, ya ci gaba da kisa. Sai da ya kashe Kathleen Grundy, mai shekara 81, a watan Yunin shekarar, ya buga wasiyyar ƙarya da keken rubutu wai ta bar masa dukiyarta, 'yarta kuma lauya ce, ta ƙi yarda, sannan asirinsa ya tonu. A Janairun 2000 aka same shi da laifin kashe mutum 15. Kwamitin binciken Janet Smith daga baya ya tabbatar da aƙalla 215, ana kyautata zaton sun kai 250.

A lokacinsa babu CQC, babu takardar bango. Amma na tabbata da a ce an yi masa irin awon nan, aka tsayar da marasa lafiyarsa a ƙofa aka tambaye su ko yana kula da su, da yabo za a kwasa. Abin da ya kama shi idon mutumin da ya san aikin ne, wanda ke kusa, yana ƙirga gawarwaki. Wannan idon ba ya shiga cikin kalma ɗaya, kuma ba ya aiki idan sau ɗaya yake leƙowa a shekara biyar.

Akwai kuma zaluncin da ke ɗaya gefen. A Janairun 2022 ita kanta hukumar ta fitar da rahoto kan asibitocin da likitoci 'yan tsirarun ƙabilu ke jagoranta. Ta ce sun fi zama na likita ɗaya tilo, sun fi yawa a unguwannin talakawa, ta kuma amsa cewa tsarinta na iya tauye su ba da niyya ba. Ingila cike take da likitocin da suka fito daga Indiya da Pakistan da Najeriya, har da 'ya'yanmu da muka yi wahalar karantarwa. Mutum ya rungumi unguwar da kowa ya guje wa, ciwon suga da hawan jini sun yi mata katutu, ba shi da manajan da zai tsara masa fayiloli, sai a auna shi da ma'aunin asibitin masu hali mai likita goma. A manna masa "mai buƙatar gyara" a ƙofa, ma'aikacin kirki ya ƙi zuwa, abin ya ƙara lalacewa. Turawan da kansu sun ga illar hukuncin kalma ɗaya a makarantu: bayan shugabar wata firamare, Ruth Perry, ta kashe kanta a 2023 sakamakon saukar da matsayin makarantarta, gwamnati ta soke wannan salon a makarantun gwamnati a Satumban 2024.

Za a ce mini ko da nakasa, tsarin ya fi babu, kuma ya rufe wuraren da suka cancanci rufewa. Haka ne.

Sai dai mu nan, inda mai shagon magani ke ƙara ruwa a bayan labule, inda ake buɗe ɗakin tiyata a gidan haya, takardar bango ita ce abu mafi sauƙin samu kuma mafi haɗari. Ranar da aka fara rabon matsayi ba tare da isassun masu duba ba, ba tare da man mota da albashin da zai hana su karɓar na goro ba, to ranar an buga wa likitan bogi hatimin gwamnati. Wannan ya fi rashin takardar muni, domin a yanzu talaka yana shiga da shakka, yana tambayar maƙwabta.

Kwamishinonin lafiya da 'yan majalisar da ke sha'awar wannan tsari, ku fara da ɗaukar likitoci da nas-nas da suka san aikin su zama masu duba, ku biya su, ku sa su dinga komawa ba sanarwa, ku kafa rajistar mace-mace ta kowane asibiti da wani zai zauna ya karanta. Idan har za a manna takarda, a rubuta ranar da aka yi duban da manyan baƙi, kuma ta daina aiki bayan shekara biyu.