Matacciyar wayarka ba bola ba ce

Buɗe durowarka ka duba. Da wuya ka rasa matacciyar waya, ko cajar da ta daina aiki. A wajenmu tarkace ne. A wajen Elias Sime, mai fasaha ɗan ƙasar Habasha da aka haifa a 1968, irin waɗannan su ne kayan aiki.

Sime yakan shiga Merkato, babbar kasuwar Addis Ababa, ya sayo tsofaffin allunan cikin kwamfuta da madannan kibod da siraran wayoyin wuta kala-kala. Shi da mataimakansa sai su kitsa wayoyin kamar kitson kai, su kafe su da ƙusoshi a jikin katako har su cika bango. Daga nesa ka ce hoton birni ne daga jirgin sama. In ka matso sai ka ga kayan cikin na'urar da kake rungume da ita kullum.

Wasu za su ce ai shara ce kawai aka rataye. Ban yarda ba. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafen kwalabe da wayar tagulla yake ɗinka manyan mayafai, kuma a 2015 ya karɓi babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na Venice. Darajar aiki tana ga hannun da ya sarrafa shi, ba ga tsadar kayan ba.

Amma mu faɗi gaskiya, fasaha ba za ta cinye sharar nan ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani kaso ana ƙona shi ne don a ciro tagulla, yaran da ke aikin suna shaƙar hayaƙin.

Amfanin aikin Sime shi ne ya sa mu ga abin da muke kau da kai daga gare shi. Don haka kafin ka sauya waya saboda gilashinta ya fashe, kai wa mai gyara tukuna. In ta mutu murus, cire layi da memori, ka sayar wa masu cire kayan gyara. Kada ka jefa ta a juji, inda za a cinna mata wuta.