Motar Ƙofar Gida Tsakanin Ɗambatta Da Kano: A Yi Mata Rajista, Kada A Kashe Ta

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Kano zuwa Bichi, ya san cewa a 'yan shekarun nan wani salon sufuri ya kafu ba tare da sanarwa ko bikin buɗewa ba. Mutum zai buga wa direba waya da daddare, bayan sallar Asuba mota ta tsaya a ƙofar gidansa, ta bi ta ɗauki mutum uku ko huɗu a unguwanni da ƙauyukan kusa, sannan ta sauke kowa a inda ya nufa cikin birni, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Kantin Kwari, ko sakatariyar Audu Bako. Wannan ya bambanta da shata, domin kowa kuɗin kujerarsa yake biya, ya kuma bambanta da motar haya ta tasha, domin ba a jiran lodi.

Mai karatu, ba banza ba wannan harka ta samu gindin zama a arewacin Kano. Yankin na cikin ɗaya daga cikin ƙasashen noma mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, abin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun cikin shekarun 1960. Gona na manne da gona, ƙauye na kallon ƙauye. Saboda haka direba ba ya yin nisa kafin ya cika motarsa. Zuwan wayar salula a 2001 ya sa kiran direba ya zama abu mai sauƙi. Haka kuma tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, wanda ya sauka a tasha sai ya nemi A Daidaita Sahu. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin kwanaki kaɗan, shi ya tura ma'aikata da yawa masu motar kansu cikin kabu-kabu, don su rage kuɗin mai.

Idan aka yi lissafi, fasinjan tasha hawa uku yake biya: babur daga ƙauye zuwa bakin titi, mota zuwa Kano, sai kuma mai ƙafa uku zuwa inda za shi. Ga zaman jiran lodi, ga matsi. Lafiyayyen saurayi zai jure wannan. Amma ina mace mai ciki da likita ya ba ta ƙarfe takwas? Ina dattijon da ake kai wa wankin ƙoda? Ina maigidan da ba ya son iyalinsa su yi ta sauye-sauyen mota da goyo da kaya? Waɗannan su ne ainihin abokan cinikin motar ƙofar gida, kuma abin da suke saya, bilhasali, amana ce. Direban ɗan gari ne, an san mahaifinsa, an san masallacin da yake salla.

To amma a nan gizo ke saƙa. Sanayya tana aiki ne matuƙar harkar ƙarama ce. Da zarar lambar direba ta fara yawo daga hannu zuwa hannu, ko ya turo yaronsa a madadinsa, to amanar ta fara yin sirara. Motar tasha, duk da aibinta, tana da ƙungiyar NURTW da ta san direba da lambar motarsa. Motar ƙofar gida ba ta cikin littafin kowa. Galibinta da lambar motar gida take yawo, kuma inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin fasinjan da ya biya kuɗin haya. Ranar da tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, iyalan mamaci ba su da wanda za su kama. Sannan ga batun tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka taɓa Tsanyawa da Shanono a 2025 sun isa su tunatar da mu cewa mutumin da ya san ƙofar gidanka da lokacin fitarka ya riƙe wani abu mai nauyi.

Na san wasu za su ce a hana kawai, a mayar da kowa tasha. Direbobin tasha ma suna da ƙorafi mai tushe, domin su suna biyan kuɗin ƙungiya da na tasha kullum, wani kuma yana kwashe fasinja tun daga gida bai biya ko kwabo ba. Sai dai ni a ganina hani ba zai yi magani ba. Buƙatar tana nan, kuma abin da aka hana alhali jama'a na buƙatarsa, ɓoyewa yake yi, kuɗinsa ya ƙaru, cin hanci a kan titi ya samu sabuwar ƙofa.

Abin da ya fi dacewa shi ne rajista mai sauƙi. Ƙananan hukumomin Ɗambatta, Makoɗa, Bichi da Dawakin Tofa, tare da hukumar KAROTA, su buɗe littafi: sunan direba, lasisinsa, lambar mota, da shaidar dagaci ko mai unguwarsa. A ba shi katin shaida da fasinja zai iya gani. A wajabta inshorar haya, a kuma bar direbobin su haɗu su biya a ƙungiyance don ta yi musu sauƙi. Kuɗin rajistar ya kasance kaɗan, sau ɗaya a shekara, kada ya zama wata sabuwar kafar tatsar talaka a kowace mararraba. Ita ma NURTW, maimakon tare hanya, ta buɗe wa mambobinta wannan salo, domin babu abin da ya hana direban tasha ɗauko fasinja daga gida.

Mu kuma masu hawa, musamman ma'aikata da 'yan boko da muka fi kowa amfani da waɗannan motoci, akwai namu nauyin. Kafin ka ɗora iyalinka a mota, ka san direban, ka rubuta lambar motar, ka ƙi yarda a cusa mutum huɗu a baya da biyu a gaba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.