Ƙauyawan da suka fasa ganuwar gwamnati

Ƴan uwa matasa, yau zan kai ku nesa, can kudu maso yammacin Bangaladash, yankin Kulna da Jashor, inda rassan kogin Ganga suke zuba cikin teku. Ku yi haƙuri ku bi ni, don labarin ƙauyawan can ya hana ni sakat.

Ƙasar tasu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ta ko'ina. Sau biyu a rana teku yana cika ya turo ruwa mai laka cikin koguna, sannan ya ja da baya. Tun kaka da kakanni manoma sun san zama da wannan ruwa. Sukan yi ɗan shingen ƙasa ya tsare gonakin shinkafa daga ruwan gishiri na tsawon wata takwas. In damina ta zo sai a buɗe, ruwa ya shiga fadama, ya zube lakarsa, ya fita. Lakar nan ita ce takinsu, ita ce kuma ke ɗaga ƙasar kaɗan-kaɗan kowace shekara.

A shekarun 1960, lokacin ana kiran ƙasar Pakistan ta Gabas, sai masana suka zo da kuɗin waje da dabara irin ta Holan. Aka kewaye ƙauyuka da manyan ganuwoyi na dindindin, aka sa ƙofofin ruwa. Irin wannan kewaye ya haura ɗari a bakin tekun ƙasar. Gaskiya ɗaya ce, da farko an ji daɗi: shinkafa ta yi albarka, ruwan gishiri ya daina cin gona.

To amma lakar fa, ina za ta? Ba wanda ya tambayi manomi. Da aka hana ta shiga fadama sai ta zauna cikin kogi. Cikin kogi ya yi ta cikewa yana tashi, ƙasar da ke cikin ganuwa kuma tana lotsawa, har kogi ya fi gona tudu. Ƙofofin ruwa suka toshe. Zuwa shekarun 1980 ruwan sama in ya sauka ba shi da hanyar fita. Ya kwanta wata da watanni a gonaki, a tsakar gida, a filin lakwal. Ganuwar da aka gina don ta tsare mutane ta zama kwano, su kuma suna ciki.

Mutane suka kai kuka, ba a ji ba. A 1990 jama'ar fadamar Bil Dakatiya suka ɗauki fartanya suka fasa ganuwar da hannunsu. Hukuma ta ce karya doka ne. Sakamakon ma bai zo da sauƙi ba, ruwan gishiri ya shiga, an sha wuya, daga baya aka rufe wurin. A 1997 mutanen Bil Baina suka sake yin haka a bakin kogin Hari. Cikin shekara huɗu laka ta ɗaga fadamar da kimanin mita ɗaya, kogin kuma ya ƙara zurfi, ruwa ya samu hanya. Abin da aka kira ɓarna jiya, sai ga injiniyoyi sun karɓe shi, sun raɗa masa sunan Turanci, sun sa shi cikin tsarin gwamnati.

Kada wani ya ce ina zuga mutane su je su fasa madatsa. Ruwan teku daban, ruwan gulbi daban, kuma fasa ganuwa a Yamai kisan kai ne. Ni ma na yi jami'a, na san darajar lissafi da awon ƙasa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne raini. Shekara talatin aka ɓata, gonaki suka nutse, iyalai suka yi ƙaura, kafin mai takarda ya yarda cewa mai fartanya ya san wani abu game da kogin da aka haife shi a bakinsa. Ko bayan an karɓi dabarar, manoman da aka ari gonakinsu don laka ta taru sun sha wahalar samun diyya, har wasu suka juya wa aikin baya. Kun ga kenan: an ɗauki iliminsu, an bar su da asara.

Mu ma nan mun san wannan ciwo. A Satumban 2020 ganuwar bakin kogi ta fashe a Yamai, unguwanni suka cika da ruwa. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi tana cikin inda abin ya fi muni, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, har komawa lakwal sai da aka ɗage. Kogin Isa kuma rairayi yana ta cike shi, kowane masunci zai gaya maka.

Kwanakin baya na halarci wani taro kan ambaliya a otel, ɗaki mai sanyi, ruwan gora, majigi. Na duba hagu na duba dama. Ba masunci ko ɗaya, ba mai lambu, ba matar da ɗakinta ya ruguje. Na ɗaga hannu na tambaya ina suke. Aka ce mini za a “wayar musu da kai” daga baya. Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma na karɓi kuɗin zama na sa aljihu. Wa ya fi buƙatar a wayar masa da kai game da hanyar ruwa, wanda ya zo da kat-kat ko tsohon da ya san inda korama ta bi tun kafin a yanka filaye a kanta? Hausawa dai sun gama magana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ga abin da nake nema, ba mai yawa ba ne. Duk aikin ganuwa ko magudanar ruwa da za a yi a unguwarku, ku nemi a kira taro a fili, da Hausa ko Zabarmanci, kafin a zuba buhun siminti ɗaya. Ku tambaya: rairayi da shara ina za su taru? Wa zai yashe, da kuɗin wa? Wanda aka taɓa gonarsa ko gidansa, yaushe za a biya shi? Ku je wurin tsofaffin unguwa da wayoyinku, ku naɗi abin da suka sani game da tsoffin hanyoyin ruwa, ku kai wa magajin gari a rubuce tun rani bai ƙare ba.

Mutanen Bil Baina sai da ruwa ya kai musu wuya sannan aka saurare su. Mu kada mu jira haka.