Tseren Keke A Kan Burji: A Jira Na Ƙarshe Ya Iso

Yau dai ba ci gaban labari na zo muku da shi ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar tseren keke a ƙauyukanmu na yammacin Kano, musamman ƙasar Karaye da Rogo. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka yi wa talaka katutu a rasa abin da za a tattauna sai keke? To a yi haƙuri a bi ni a sannu, in an kai ƙarshe kowa sai ya yanke hukuncinsa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, hanyar burji mai hawa da gangara da muke ƙorafi a kanta kullum ta isa a yi tseren keke na gani na faɗa, ba sai mun zauna jiran kwalta ba. Amma da sharaɗi guda, a shirya tseren saboda sabon shiga, wanda bai taɓa yi ba, domin shi ne zai sa abin ya ɗore ko ya mutu tun a ƙwai.

Mu fara da ita hanyar. Duk wanda ya san yankin nan ya san ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar tabarma. In ka bar babban titi ka nausa wajen Turawa da bakin madatsar ruwa ta Challawa, ko ka yi kudu cikin ƙasar Rogo wajen Zarewa da Fulatan, tudu za ka hau ka gangara kwari, ka tsallake ƙorama ka sake kama wani tudun. Ba manyan duwatsu ba ne, amma sun isa su gaya wa cinyar mutum gaskiya. Ga marmara, ga gargada, ga yashi a bakin rafi, ga ƙura in hunturu ya kama. Mu a wurinmu wannan alamar koma-baya ce, amma abin mamaki, a ƙasashen da suka ƙoshi da kwalta irin wannan hanyar ake nema ido rufe. A Italiya akwai tseren da ake kira Strade Bianche, an fara shi a 2007, kuma abin da ya ɗaukaka shi bai wuce farar hanyar tsakuwa mai ƙura da ke ratsa tuddan yankin Tuskani ba. A Faransa tun 1896 ake tseren Paris zuwa Roubaix, har yau kuwa ana lallaɓa tsofaffin hanyoyinsa na duwatsu don kada a shafe su da kwalta. A 2022 ma hukumar tseren keke ta duniya ta fara gasar zakarun duniya ta musamman a kan hanyar tsakuwa. Kun ga ke nan abin da wasu ke kashe kuɗi su adana, mu Allah Ya ajiye mana shi a ƙofar gida.

Mahayan ma muna da su. Yaron da ke ɗaura buhun masara a kariya ya hau tudu da shi zuwa kasuwa, ko mai ɗauko damin rake daga fadama, ko ɗan makarantar da ke taka feda safe da yamma daga ƙauye zuwa sakandare, duk waɗannan horo suke yi ba su sani ba. Abin da ya rage musu shi ne a nuna musu cewa wannan ƙarfin yana da daraja. A nan ne muke da ciwo, domin mun mayar da keke tambarin talauci. Ku duba littattafan soyayya na kasuwar Kano, saurayin kirki da mota yake zuwa zance, mai keke kuwa shi ne wanda ƙannen budurwa ke leƙowa suna yi wa dariya. Alhali a zamanin iyayenmu mai sabon keke Raleigh ango ne ko ba aure, har ado ake yi wa keken da tufafin roba da madubi. Sai da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai ya gagari kundila, sannan mutane da yawa suka kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure.

Yanzu bari in zo kan sabon shiga. Bara bayan an gama kaka, samarin wasu ƙauyuka a tsakanin Karaye da Rogo suka haɗa kuɗi suka shirya tsere a tsakaninsu, zuwa da dawowa a kan burji. Ɗan yayata, mai shekara goma sha tara, ya ce shi ma sai ya shiga, da tsohon keken mahaifinsa ƙirar Phoenix wanda ba shi da giya. Daren ranar ya cire kariya don keken ya yi sauƙi, ya kai wa mai faci ya ɗura wa tayoyin iska har suka yi tauri kamar dutse, a tunaninsa hakan ne zai sa ya fi gudu. Ana busa usur ya fita kamar an harba kibiya, ya wuce kowa, yara na ihu suna kiran sunansa. Tudun farko ya haye shi a tsaye a kan feda. A tudu na biyu numfashi ya fara gagararsa. Da aka shiga gargada, tayar nan mai tauri ta dinga tsalle tana watsa shi hagu da dama, hannuwansa suka yi sanyi saboda jijjiga. A bakin wata ƙorama ya shiga yashi da gudu, tayar gaba ta nutse, ya kifa, sarƙa ta zame. Ko gorar ruwa bai ɗauka ba. Yana durƙushe yana mayar da sarƙa wani magidanci da ya kusa haifarsa, wanda sana'arsa kai kaya kasuwa a keke, ya zo ya wuce shi a natse, ba gaggawa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Sannu ba ta hana zuwa.

Duk wannan ba abin kuka ba ne, haka ranar farko take ga kowa, kuma darasin da ya koya a awa biyu ya fi wanda za a yi wata ana gaya masa da baki. Ya gane cewa tsere a kan tudu rabon ƙarfi ne, wanda ya zubar da nasa a farko zai yi bara a ƙarshe. Ya gane cewa a kan burji ana ɗan rage iskar taya don ta kama ƙasa, cewa a yashi ana mayar da nauyi baya a bar kan keke ya nemi hanyarsa, cewa a gangara mai tsakuwa ba a damƙe birkin gaba lokaci guda, kuma wanda ya laɓe a bayan wani yana hutawa daga dukan iska. Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Yaron nan bai hau babur ɗin da aka yi masa tayi ba, ya tura kekensa ya hau, ya sake turawa ya sake hawa, har ya iso inda aka tashi. Da ya iso sai ya tarar ba kowa. An riga an ba na ɗaya da na biyu da na uku kyautarsu, an kwashe benci, makaɗa sun tafi. Da daddare ya ce da ni, "Kawu, wallahi ba faɗuwar ce ta dame ni ba. Na ɗauka ko mutum ɗaya zai tsaya ya rubuta cewa na gama." Na ce, "Ka yi haƙuri ɗana, ni na rubuta." Amma har yau in an yi maganar tsere sai ya kawar da kai.

Wannan shi ne kuskuren da nake jiye mana. In mutum talatin suka shiga tsere, uku ne za su ci kyauta, saura ashirin da bakwai su ne tseren. In suka koma gida da jin an wulaƙanta su, baɗi mutum goma za a gani, baɗin baɗaɗa kuwa sai labari. Ƙasashen Afirka da suka yi nisa a wannan fage ba daga sama suka faɗo ba. Burkina Faso tana shirya Tour du Faso tun 1987, a ƙasar da keke abin hawan kowa ne, mace da namiji. Ruwanda, ƙasar tuddai, ta raini nata tseren har ta karɓi baƙuncin gasar zakarun duniya a Kigali a watan Satumban 2025, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024, kuma ya fito ne daga ƙasar da tseren unguwa ya zama ruwan dare. Mu kuwa a wannan shekarar ta 2024 ne Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a birnin Paris, har sai da tawagar Jamus ta ara mata keke a wani ɓangare na gasar. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ba ƙafafu muka rasa ba, matakin farko ne ba mu gina ba.

Na san akwai masu cewa abin da haɗari, kuma gaskiyarsu ne, wanda ya faɗi a kan marmara sai ya bar fata a wurin. Amma maganin haɗari tsari ne. Samarin nan in ba a ba su fili ba, ai ga su can suna tseren babur a kan titi ba hular kwano, wasu kuma suna bayan gari wajen shaye-shaye. Akwai kuma masu cewa keken tsere kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Shi ya sa nake cewa a raba aji, masu keken giya daban, masu keken gida daban, sababbin shiga su ma a ware musu nasu zangon gajere, kada a haɗa ɗan koyo da gwani a ce a gwada.

Sauran sharuɗɗan ba masu tsada ba ne. A sa tseren bayan kaka lokacin da hanya ta bushe, a tashi da sanyin safiya a gama kafin rana ta take, a kauce wa ranar kasuwa. A bi hanyar tun kafin ranar a sa alama a wuraren yashi da ramuka. A ajiye randar ruwa a kan kowane babban tudu, 'yan agaji su tsaya a mararraba saboda babura da shanu, a samu ma'aikacin lafiya da mai faci su biyo baya a mota ɗaya. Kowa ya sa hular kwano, ko ta aro ce. Sannan babban sharaɗi, kada a raba kyauta sai na ƙarshe ya iso, a kira sunansa a lasifika, a ba shi ko da takardar shaida ce ta cewa ya gama.

Tun 2024 Masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, don haka hanyar da ta haɗa garuruwan biyu ta isa ta zama filin wannan abu. Ina kira ga masarauta da hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su sa albarka, 'yan kasuwarmu su sa hannu a aljihu. Roƙona kawai kada a bari ya zama taron siyasa, inda za a shanya yara a rana ana jiran babban baƙo, a yi hoto a watse. A bar shi a hannun malaman makaranta da ƙungiyoyin samari da masu gyaran keke, su suka san yaran da sunayensu.

Iyaye kuma, in ɗanku ya ce zai shiga, ku duba masa birki, ku cika masa gora, ku je ku tsaya a wurin gamawa ko da shi ne zai zo a ƙarshe. Mai ganin akwai gyara a maganata ƙofa a buɗe take. Allah Ya sa mu dace, Ya raya mana zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.