A Fito da Yara Inuwar Icce

Ranar 13 ga watan Afrilu na shekarar 2021 gobara ta tashi a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a birnin Yamai, ta lashe azuzuwan kara da zana, yara 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan ajin raino da ba su san ta inda za su gudu ba. Ba a cika wata 7 ba, ranar 8 ga Nuwamba, irin wannan masifa ta auku a Maradi, inda yara aƙalla 25 masu shekara 5 zuwa 6 suka rasa rayukansu. Gwamnatin wancan lokaci ta hana a zaunar da ƴan raino cikin rumfunan kara, ta kuma bayyana cewa irin waɗannan azuzuwa sun kai wajen dubu 36 a faɗin ƙasa. Tun daga nan maganar kowa ta koma kan siminti da kwano: aji nawa za a gina, da kuɗin wa, wane ɗan kwangila zai samu aikin. Magana ce mai muhimmanci, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa wa magabata a kanta. Amma akwai tambayar da aka tsallake. Shin yaro ɗan shekara 4 ko 5, ko da an gina masa ɗakin siminti, daidai ne a rufe shi ciki tun safe har azahar?

Sunan da ake kiran makarantun raino da Faransanci, jardin d'enfants, wanda jama'a ke taƙaitawa su ce jardan, ma'anarsa garkar yara. Ba a banza aka raɗa shi ba. Wani malami ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Froebel, shi ya ƙirƙiro sunan a 1840, kuma a makarantarsa kowane yaro yana da ɗan fangalinsa inda yake shuka da ban ruwa. Sunan ya iso Nijar ta hannun Faransa, garkar kuwa ta maƙale a hanya. Duk wanda ya leƙa jardan a Maradi, Damagaram ko Tawa, na gwamnati da masu zaman kansu, abin da zai fi gani shi ne ɗaki mai rufin kwano, yara a cunkushe bisa tabarma suna maimaita kalmomin Faransanci da ba su san ma'anarsu ba, farfajiya kuwa fayau, ba icce ba tsiro, sai rairayi da ledoji. A wasu wuraren farfajiyar ma ta tafi, an yanka ta an gina shaguna.

Ƙasashen da aka kwaiko tsarin lakwal daga gare su sun daɗe da sake tunani. A Danmak tun shekarun 1950 aka fara makarantun raino da ke yin yininsu cikin daji. A Jamus hukuma ta amince da irin wannan makaranta a garin Flensburg a 1993, yau kuwa sun haura dubu, yara suna fita ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. A birnin Guwangzu na ƙasar Sin, wani binciken likitoci da aka buga a 2015 ya nuna cewa ƙara wa yara ƴan shekara 6 minti 40 a sarari kowace ranar karatu ya rage yawan waɗanda idonsu ke kasa ganin nesa: bayan shekara 3, kimanin 30 cikin 100 suka kamu, a inda ba a ƙara lokacin ba kuwa kusan 40 cikin 100.

Amma Nijar tana da hujjar da ta fi ta Turawa ƙarfi, kuma a gonakinta take. Ƙasa ce da mafi yawan jama'arta ke ci daga noma da kiwo, kuma kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba. Bayan farin 1973, hamada ta zama babbar damuwar hukuma, har aka yi taron ƙasa a Maradi a watan Mayu na 1984 don neman mafita. An kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwan da aka raino cikin leda, da yawansu suka mutu tun ba su ga damina ta biyu ba. Abin da ya yi tasiri bai buƙaci mota ko injin ba. Manoma sun daina tumɓuke kututturan da ke tohowa cikin gona lokacin sassabe, suna zaɓen rassa ƙalilan masu ƙarfi su bar su, su sare sauran, su kare su har su zama icce. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a yankin Maradi a 1983, manoma suka karɓe ta suka kira ta sassaben zamani. Bayan shekara 20 hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200, galibi a jahohin Maradi da Damagaram. Duniya ta zo koyo a gonakin talakawan Nijar.

Jarin wannan aiki gaba ɗaya ido ne: idon da ya san tohon kalgo daga na sabara, ya san wane reshe ne zai yi icce, ya san abin da gawo ke yi wa hatsin da ke ƙarƙashinsa. Irin wannan ido tun ƙuruciya ake samunsa. A da yaro yana samunsa ba da sani ba, yana biye da kakarsa wajen ɗiban tafasa da yaɗiya, ko da wansa wajen kiwon awaki. Yau ɗan ma'aikaci da ɗan ɗan kasuwa a birni suna tasowa tsakanin bangon gida, bangon lakwal da fuskar salula. Yaro ya san sunan tuffa da Faransanci, bai taɓa ganin aduwa bisa uwarta ba. Bai san ruwan tumfafiya na cutar da ido ba, bai san ƴaƴan bini-da-zugu da na zaƙami guba ba ne. Bai san anza ba, wadda sai an jiƙa ƴaƴanta kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacinsu ya fita, kuma wadda ta riƙe ran iyalai da yawa a yunwar 2005. Daga cikin waɗannan yara ne gobe za a naɗa injiniyan noma, jami'in gandun daji da gwamnan jaha, su zartar da hukunci kan ƙasar da ba su taɓa taɓawa da hannunsu ba.

Karatun sarari ba sakin yara ba ne su yi ta guje-guje malama tana zaune tana hira. Darasi ne mai tsari, kuma duk abin da manhajar raino ke nema yana cikinsa. Lissafi yana cikin ƙirga ƙwallon goriba da ƴaƴan tsamiya, a raba su kashi-kashi, a gane babba da ƙarami. Hannun da zai riƙe alƙalami yana ƙarfi ne wajen zana layi bisa rairayi, gina ƴar tukunya da yumɓu, da wasan carabke. Harshe yana buɗewa idan aka tambayi yaro abin da ya gani bisa ganye, ina tururuwa ke kai abinci, me ya sa inuwa ta koma wancan gefe. Haƙuri da riƙon amana kuwa suna cikin fangalin da aka ce wannan naka ne, in ba ka ba shi ruwa ba zai mutu. Gani ya kori ji.

Kalandar lakwal ma ta dace da haka. Ana komawa karatu a watan Oktoba, kaka ta yi, ana ɗaure dammunan hatsi ana kai wa rumbu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin ɗari ne, lokacin garka, yara su shuka salati, tumatir da zogale su ga abin da hannunsu ya yi kafin hutu. Gawo kuwa malami ne da kansa: yana zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana da taki, ya yi kore da rani ya ba dabbobi abinci, wato duk tsawon shekarar karatu yana cikin ganyensa. Tarihin baka na Damagaram ya riƙe cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare gawo. Yaron da aka ba wannan labari a gindin iccen ba zai manta da shi ba.

Da wane harshe za a yi wannan karatu? Sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsayen ƙasar nan da Hausa suke, da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma a 2025 kundin da hukumomi suka zartar ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Idan wannan matsayi ba na takarda kaɗai ba ne, ajin raino ne wurin da ya fi sauƙin fara aiki da shi. Malaman ma ba sai an nemo su daga waje ba. Kowane gari yana da tsoho mai garka da tsohuwa mai sanin ganye, waɗanda za su ji daɗin a gayyace su sau ɗaya a mako.

Akwai masu ja, kuma wasu dalilansu abin saurare ne. Uba zai ce bai biya kuɗin jardan don ɗansa ya dawo da ƙasa a riga ba, gona ce ya guje wa ya zo birni. Amsarsa ita ce yaron da ya ƙirga abin da ya riƙe a hannu ya fi gane lissafi bisa wanda ya haddace lambobi kamar aku, kuma haddar da ke faranta wa iyaye rai ranar bikin ƙarshen shekara ba ita ke sa yaro iya karatu a aji 2 ba. Wani zai kawo zafi. Gaskiya ne a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, amma kowa ya san a wannan lokaci inuwar dogon yaro ta fi ɗakin kwano sanyi, kuma darasin waje da sanyin safiya ake yinsa. Wani zai kawo kunama, maciji, rijiya da ƴan kabu-kabu. Maganin wannan shinge ne, da takalmi, da ruwan sha, da babba fiye da ɗaya tare da yara. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare ba wanda zai ce a kai yara daji. Farfajiyar lakwal ta isa in an raya ta.

Ja mafi nauyi shi ne tsoron kada hukuma ta fake da wannan magana ta ce tunda gindin icce makaranta ne, ba sai an gina aji ba. Wannan tsoro yana da tushe, domin talaka ya sha ganin an mai da haƙurinsa hujjar a manta da shi. Dole a faɗa a fili: yaro yana buƙatar ɗaki mai ƙwari da zai fake daga ƙura, iskar hunturu da ruwan farkon damina, da makewayi mai tsabta. Abin da ake nema shi ne ɗaki da icce tare. Kuma kafin ɗakin ya samu, inuwar da ba ta da bango ta fi rumfar kara mai ƙofa ɗaya aminci, domin wuta ba ta rufe wa yaro hanya a sarari.

Aikin ya rabu, kowa da nasa. Ofishin ministan ilimi ya rubuta cikin manhajar raino cewa wani kaso na kowace safiya a waje za a yi shi, ya koya wa ɗaliban makarantun horon malamai yadda ake tafiyar da darasin, kuma kada a ba wani mai jardan lasisi in ba shi da farfajiya mai inuwa. Hukumomin gari su daina sa hannu kan yanka filayen lakwal. Abin da ya sami koren zoben itatuwan da ke kewaye da Yamai, wanda aka cinye da rabon filaye, ya isa darasi. Ma'aikatan gandun daji su sake duba ranar 3 ga Agusta, wadda tun 1975, zamanin Seyni Kunce, ake dasa itatuwa a cikinta. Ranar tana faɗawa tsakiyar babban hutu, manya su dasa a ɗauki hoto, akuya ta ƙarasa aikin. Da za a danƙa kowane icce ga wani aji da sunansa tun ranar komawa karatu, a kewaye shi, da an ga bambanci cikin shekara 3, domin dogon yaro ba ya jinkirin ba da inuwa.

Alhazan kasuwa kuwa, waɗanda ba su taɓa ƙyashin gina masallaci da haƙa rijiya ba, su tuna cewa jawo famfo da kewaye farfajiyar jardan ta unguwa da waya bai kai abin da ake kashewa a bikin aure guda ba, kuma dashen icce yana cikin sadaka mai gudana. Ma'aikaci da ke neman wa ɗansa jardan, kafin ya tambayi kuɗin wata da launin riga, ya tambayi darakta itatuwa nawa ke farfajiyarsa da kuma awa nawa yara ke yi a ƙarƙashinsu. Ranar da iyaye suka fara yin wannan tambaya, masu makarantu za su fara dasawa ba tare da wata doka ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manoman Maradi da Damagaram sun nuna wa duniya cewa abin da ake nema a nesa yana nan ƙarƙashin ƙasa, jira yake a gane shi a kare shi. Saura a ba ƴaƴansu da jikokinsu idon da za su ci gaba da aikin. Allah ya jiƙan yaran Yamai da na Maradi, ya sa magabata su ji.