Likitan da bai san rumbu ba

Ana horar da likita shekara da shekaru a manyan asibitocin Yamai. Ya iya karanta hoton ƙirji, ya iya sunan kowace cuta da faransanci, amma ba wanda zai tambaye shi watan da rumbu yake ƙarewa a ƙasar Mayahi. Alhali daga rumbun nan ciwon yake tasowa.

Shekarar 2005 ta isa darasi. Jihar Maradi, da ake yi wa kirari da rumbun ƙasa, ita ce ta cika cibiyoyin tamowa. Ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a wannan shekara. Ga hatsi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Manomin Tasawa ya sayar da geronsa da arha a kaka domin biyan bashi, ya koma sayensa da tsada a damina, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kayar da ƴaƴansa. Gonar gado ta rarrabu har ta koma tafin hannu, mace ta rasa gamanarta. Me gwamnatin Tanja ta yi? Ta musanta yunwar, sannan a 2008 ta dakatar da aikin MSF ta Faransa a Maradi.

Manyan malamai za su ce wannan siyasa ce, aikin likita magani. To, yaron da aka sallama ya koma gidan da babu gero, babu ruwa mai tsabta, gadon wa zai dawo bayan wata biyu? Tun 2008 kwamitin Michael Marmot na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa halin da mutum yake rayuwa a ciki shi ne tushen lafiyarsa. Ko maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da aka kafa a 2006, jinkirin biyan gwamnati ya bar ɗakunan magani wayam, kuma bai taɓa biyan kuɗin amalanke ba.

Ya wajaba jami'ar Abdu Mumuni da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo su tura duk likita mai neman ƙwarewa asibitocin Tasawa da Mayahi, tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da gado ɗaya yake ɗaukar yara biyu. A ba shi masauki da alawus. Ranar jarrabawa kuma a tambaye shi kuɗin tiyar gero, da nisan ƙauyen majinyacinsa.