Salwa a Tsakar Gida: Ƙwai Ga Yaro Ko da Gona Ta Gagara

Idan kina Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi, ba sai an ba ki labarin yadda noma ya koma ba. A ƙauyuka irin su Sakajiki, manomi sai ya tambayi lafiyar hanya kafin ya ɗauki fartanya. Dabbobi da yawa sun tafi hannun 'yan bindiga, iyalai sun dawo cikin gari suna raɓe a ɗaki ɗaya ko biyu. A jikin yara abin ya fi nunawa. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, aka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa.

Shi ya sa yau za mu duba kiwon salwa, wadda ake kira salwar Japan. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato ce ta shigo da ita Najeriya a 1992. Abin da ya sa ta dace da matsattsen gida shi ne sauri da rashin cin wuri. Kazar gidan gona sai ta kusan wata 5 kafin ta fara ƙwai, ita kuwa salwa mako 6 zuwa 7 ya ishe ta. Guda goma za su zauna a kejin da bai fi faɗin tabarmar sallah ba, kuma ba su shiga gidan maƙwabta balle a yi cacar baki.

Amma ki yi lissafi kafin ki zuba kuɗinki. Ƙwan salwa biyar ne ke tashi nauyin na kaza ɗaya. Mata goma masu ƙoshi za su ba ki bakwai ko takwas a rana, su ci kusan giram 250 na abinci, wato buhu mai kilo 25 zai kai su wajen kwana 100. Wannan ba jarin da zai sa ki gina gida ba ne. Ƙwai ne da zai shiga bakin ɗanki kullum, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba, kuma kin tuna 2021 da aka rufe kasuwannin mako a Zamfara.

Dusa zalla ba ta sa salwa ƙwai. Ki ba ta abincin kaji masu ƙwai, ko ki niƙa masara ko dawa da soyayyen waken suya da ƙuli-ƙuli, ki ƙara dakakken ɓawon ƙwai. Ba sai da namiji take yin ƙwai ba, kuma ba ta cika kwanci ba, don haka ki sayi 'yan mako 3 ko 4 a wurin mai injin ƙyanƙyasa, lokacin ana iya bambance mace da ɗigo-ɗigon ƙirjinta. Rufin keji kada ya wuce santimita 30, domin idan ta firgita sama take zabura, rufi mai tsawo kan sa ta fasa kai. A ajiye ta a inuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, a kuma toshe kafar ɓera da mage.

Kashinta kuwa taki ne mai ƙarfi. Ki tara shi ya yi makonni ya huce, don ɗanyensa ƙona shuka yake. Sai ki cuɗa da ƙasa a tsohon buhu, ki huda ƙasansa, ki watsa irin alayyafo ko rama. Cikin wata guda kin fara tsinkar alayyafo. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa ban ruwa, ban da mai sabulu. Ganyen da ya tsufa ki jefa wa salwa.

Akwai masu tallata ƙwan salwa a matsayin maganin hawan jini da ciwon suga da asma. Abinci ne mai gina jiki, amma kada kowa ya ajiye maganin asibiti dominsa. Sai kuma camfin nan na cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Da haka ake hana yara abin da jikinsu ya fi buƙata. Daga wata 6 za ki iya dafa shi ya dahu sosai, ki murmushe a kunu ko fate. Yaron da ya riga ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, asibiti za a kai shi a ranar, kada a zauna jiran salwa ta fara ƙwai.